Tambayi Sista: Gwaji ya ce babu, oga ya ce a ba da

Assalamu alaikum, masu bibiyar wannan fili. Wasiƙun wannan watan yawancinsu daga ma'aikatan ƙananan asibitocin jiharmu ta Gombe suka fito, sai guda daga wani magidanci da ransa ya ɓaci. Na zaɓi huɗu domin duk abu ɗaya suke kewayawa, wato yadda mai duba marar lafiya zai san cewa abin da yake yi yana da tushe. Kamar kullum, na cire sunan mai wasiƙa da sunan asibiti.

TAMBAYA TA FARKO

Mama Sista, barka da aiki. Ni CHEW ce, wato ma'aikaciyar lafiyar al'umma, shekarata ta biyu ke nan a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Dukku. Kwanaki aka kai mu bita Gombe, aka yi ta nanata mana mu riƙa aiki da hujja, mu bar "haka muka saba". Na dawo da zumuɗina. To ga abin da nake fama da shi. Uwa za ta kawo yaro jiki rau, in yi masa gwajin RDT, wato gwajin maleriya na gaggawa, layi ɗaya ya fito, babu maleriya. Oganmu, dattijo ne da ya haura shekara ashirin a aikin, sai ya ce in rubuta maganin maleriya na ACT kawai, wai abin gwajin nan ba ya ganin maleriyar ƙauye. Wata rana ma ya ƙara da maganin taifod. Ita kuma uwar in ba a yi wa yaron allura ba, kemis za ta wuce. Ba mu da laburare, sabis ɗin waya ma sai na hau tudun bayan asibiti. Ina zan samo hujjar, kuma yaya zan yi da mutumin da yake sa'an mahaifina?

AMSA

'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika damu har kika rubuto. Bari in rage miki nauyi tun daga farko: rabin hujjar da kike nema tana cikin durowar teburinki. Za mu zo kanta.

Masu bita sukan faɗi sulusin magana ne su bar saura. Wannan tsari na aiki da hujja ya samu sunansa a jami'ar McMaster ta ƙasar Kanada a farkon shekarun 1990, kuma a 1996 ɗaya daga cikin jagororinsa, Dakta David Sackett, shi da abokan aikinsa suka fayyace cewa haɗa abubuwa ake yi: mafi ingancin binciken da ake da shi, da gogewar ma'aikaci, da halin marar lafiyar da ke gabanka da abin da yake so. Duwatsun murhu ne, in guda ya goce tukunya ba ta zama. Shekara ashirin ɗin oganki dutse ne guda a ciki. Uwar da ke neman allura ita ma tana ciki. Abin da yakan ɓata min rai shi ne yara su dawo daga bitar kwana uku suna kallon manyansu kamar jahilai.

Ki sani abin da oganki yake yi koya masa aka yi. A zamaninsu, kuma zamanina ne, ƙa'idar ita ce duk yaron da ya zo da zazzaɓi a ƙasar sauro a ɗauka maleriya ce, domin babu abin gwaji a ƙauye, madubin duba jini yana babban asibiti. Sai a 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada kowa kafin a ba shi magani. Kuma shi kansa ya taɓa sauya hannu. Tambaye shi labarin kulorokwin. Zai tuna yaran da suka sha, suka yi ta ƙaiƙayi, bayan kwana kaɗan aka dawo da su jiki ya fi da zafi. Da aka bi yara ana ƙirgawa a sassan ƙasar nan aka ga maganin ya daina aiki yadda ya kamata, Najeriya ta koma ACT a 2005. Mutumin da ya yarda da waccan sauyawar ba za a ce ba ya jin hujja ba.

Yanzu maganarsa cewa abin gwajin yana ƙarya. Kada ki yi saurin watsar da ita, ki bincika, domin nan ne aiki da hujja yake farawa. RDT yana iya yin ƙarya idan an zalunce shi. Ɗauko kwalin ki karanta iyakar zafin da aka rubuta a jikinsa, sannan ki tuna yadda ɗakin ajiyarku mai rufin kwano yake zama a watan Afrilu a Dukku. Duba ranar ƙarewar aikinsa. Duba ko ruwan ɗigawar da kuke amfani da shi na wannan kwalin ne, domin na sha ganin an ƙarar da na wani kwali an ɗauko na wani kamfani, har da masu ɗiga ruwan allura. Duba yawan jinin da kike sawa. Sannan agogo: in takardar ta ce minti 15 ko 20, to ki jira su cika, kada yawan matan da ke jira ya sa ki karanta a minti biyar. In layin tabbatarwa bai fito ba, gwajin ya lalace, a sake. In duk waɗannan sun daidaita kuma ya ce babu, ki yarda da shi. Ɗaya gefen kuma, yana iya ci gaba da nuna layi biyu makonni bayan yaro ya warke, saboda haka ki riƙa tambayar uwa ko ya sha maganin maleriya kwanan nan.

Asarar magani ita ce ƙaramar illar ba da ACT ga wanda gwaji ya wanke. Babbar ita ce da zarar an rubuta shi sai kowa ya daina nema. Yaron yana da abin da ya kawo zazzaɓin, kuma an sallame shi ba a gano ba. Ki ɗaga rigarsa ki ƙirga numfashi na minti ɗaya cur yana natse. Daga wata 2 zuwa 11, numfashi 50 ko fiye ya yi sauri. Daga shekara 1 zuwa ƙasa da 5, 40 ko fiye. Ki ga ko ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa in ya ja iska. Wannan nimoniya ce, amoksisilin take so, ACT ba zai taɓa ta ba. Ki leƙa kunne da maƙogwaro, ki duba fata ko akwai ƙurajen ƙyanda, ki lanƙwasa wuya, musamman daga hunturu zuwa bazara lokacin sanƙarau. Batun taifod kuwa, gwajin Widal guda ɗaya ba ya tabbatar da ita. Mutane da yawa a ƙasar nan da ke yawo lafiya lau in aka gwada su zai nuna, shi ya sa kowa a gari yake da "maleriya da taifod".

Za ki ce, to me ya sa oga yake ganin suna warkewa? Gaskiya yake faɗa, suna warkewa. Yawancin zazzaɓin yara da ba maleriya ba irin na mura ne, wanda yakan wuce da kansa cikin 'yan kwanaki. An ba da ACT, yaro ya miƙe, sai maganin ya karɓi yabo. Abin da idonsa bai taɓa gani ba shi ne yaran da za su miƙe ko ba a ba su ba, tunda bai taɓa barin kowa ya tafi babu shi ba. Dalilin da ya sa masu bincike suke raba mutane gida biyu su kwatanta ke nan.

Mu dawo durowa. Ɗauko rajistar marasa lafiya ta watan jiya da falle ɗaya na takarda, ki ja layuka. Yara 'yan ƙasa da shekara 5 nawa suka zo da zazzaɓi? Nawa aka gwada? Nawa gwaji ya ce babu? A cikinsu nawa aka ba ACT, nawa aka rubuta adadin numfashinsu? Aikin yamma ɗaya ne. Layin ƙarshe babu shi a rajista, ke za ki ƙirƙiro shi daga yau: me ya faru da yaron bayan kwana uku? Ki roƙi iyaye su dawo, ko ki sa wakilan CHIPS, masu bin gida-gida kan harkar lafiya a ƙauyukan, su leƙa miki gidajen. Lissafin asibiti ɗaya na wata ɗaya ba zai sauya dokar ƙasa ba, kada ki ɗora masa abin da ba zai ɗauka ba. Amma ya isa a zauna a kansa a yi magana.

Zaman kuma ba a gaban marasa lafiya ba, ba kuma a gaban ƙananan ma'aikata ba. Ki bari an tashi, bayan la'asar, ki same shi da takardarki da littafin ƙa'idojin aikinku, Standing Orders, a buɗe a shafin zazzaɓi. Ki ce, "Baba, fom ɗinmu na ƙarshen wata yana nuna ACT da muka bayar ya fi yawan gwajin da ya nuna maleriya, kuma na san za a tambaye mu a ƙaramar hukuma. Ka taya ni dubawa." Ba ƙarya kika yi ba, fom ɗin yana nunawa. Sannan ki roƙe shi wata ɗaya: duk yaron da gwaji ya wanke kuma babu alamar haɗari, a duba shi daga kai zuwa ƙafa, a bi sawunsa, shi da kansa ya ga sakamakon. Yaron da ya kasa sha, ko yake amayar da komai, ko ya yi jijjiga, ko ya galabaita ba ya farkawa sosai, wannan ba ya cikin yarjejeniyarku ta wata ɗaya, tura shi babban asibiti za a yi ko mene ne RDT ya ce.

Ita kuma uwa, kalmar da ke kora ta kemis ita ce "ba shi da komai". Ta kwana ba ta runtsa ba, ta biya ɗan acaɓa, ki ce mata babu komai? Nuna mata abin gwajin a tafin hannunki. "Kin ga layi ɗaya, da biyu ne da maleriya ce. Na ƙirga numfashinsa, na duba kunnensa da wuyansa, alhamdu lillahi. Ga maganin sauke zafi, ga yadda za ki ba shi, ki yawaita masa nono da ruwa. Jibi ki dawo min da shi, in kuma ya ƙi sha ko numfashinsa ya canza, ko da tsakar dare ne ki taho." Wasu za su wuce kemis duk da haka. Amma wadda ta ga kin taɓa ɗanta kin juya shi, da wuya ta ce ba a yi mata komai ba.

TAMBAYA TA BIYU

Anti Sista, ni nas ce kuma ungozoma a wani asibitin mazaɓa a kudancin jiha, wajen Kaltungo. Mu a nan da ido muke auna jinin haihuwa, sai mu ce zani ɗaya ya jiƙe, zani biyu. Na ji ana maganar wata leda mai ma'auni da aka yi bincike a kanta har a Najeriya. Wata ƙawata ta turo min takardar binciken a waya, na buɗe na ga lambobi kamar jarrabawar lissafi na rufe. Yaya ake karanta irin wannan? Kuma oksitosin ɗinmu, allurar tsuke mahaifa, a kabad yake, wuta sai ta ga dama.

AMSA

Ƙanwata, kin yi dacen takarda, domin wannan binciken namu ne. Sunansa E-MOTIVE, an buga shi a 2023. An yi shi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata sama da 200,000, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero Kano ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya.

Ba sai kin karanta daga farko zuwa ƙarshe ba. Ni taƙaitawar shafin farko nake fara karantawa da tambayoyi a hannu. Su wa aka yi wa? Matan da suka haihu da kansu. Me aka yi musu? Aka shimfiɗa ledar a ƙarƙashinsu bayan haihuwa, jini yana taruwa a aljihu mai lambobi, ungozoma tana dubawa a kai a kai. Da ya kai mililita 500, ko 300 tare da wata alamar da ba ta yi daidai ba a bugun jini ko awon jini ko taurin mahaifa, sai a haɗa komai lokaci guda: murza mahaifa, maganin tsuke ta, allurar tsayar da jini ta tiranekzamik, ƙarin ruwa, duba ko akwai yagewa ko ragowar mabiyiya, da kiran na gaba in bai tsaya ba. Da su wa aka kwatanta? Da asibitocin da suka ci gaba da yadda suka saba, kuma ƙuri'a ce ta raba su, ba son ran mai bincike ba. Me aka ƙirga? Zubar jini mai tsanani, ko tiyata saboda jini, ko mutuwa. A gidan da aka saba abin ya samu kashi 4.3 cikin 100, a gidan sabon tsari kashi 1.6. Raguwar kusan kashi 60 cikin 100 ke nan.

Lambar da ta fi tsaya min a rai wata ce. A asibitocin da ba a duba ma'auni, kusan rabin matan da suka zubar da jini fiye da kima ba a gane ba. Ƙwararrun ungozomomi ne fa, masu shekaru a ɗakin haihuwa. Ido ne kawai ba ya iya wannan aikin, zani mai duhu yana shanye jini ya ɓoye.

Tambaya ta ƙarshe ita ce wadda ake yawan tsallakewa: wurin da aka yi binciken ya yi kama da nawa? A nan ki yi hattara. Manyan asibitoci ne irin na ƙananan hukumomi, masu likita da ɗakin tiyata. Ke kina asibitin mazaɓa, wataƙila ke kaɗai da dare da fitilar waya. Ba za ki ce lallai ke ma za ki ga kashi 60 ba. Amma ganewa da wuri ya fi muhimmanci a wurinki fiye da su, domin ke sai kin nemo mota. Ita allurar tiranekzamik ma lokaci take bi: binciken WOMAN na 2017, a kan mata kimanin 20,000 a ƙasashe 21 har da Najeriya, ya nuna tana rage mutuwa daga zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku in an yi ta cikin awa 3 da haihuwa. Bayan nan amfanin ya tafi.

Ki rubuta buƙatar ledar ta hannun shugaban asibitinku zuwa ƙaramar hukuma, da takardar binciken a maƙale. Kafin ta zo, kina da sikelin awon jarirai. Ki auna busasshen zani da ƙunzugu ki rubuta nauyinsu a bango. In sun jiƙe ki sake aunawa ki cire, kowane giram ɗaya kusan mililita ɗaya ne. Bai kai leda daidai ba, amma ya fi "zani biyu" nesa ba kusa ba. Ki haɗa da taɓa mahaifa da bugun jini kowane minti 15 a farkon awannin nan, ki rubuta.

Oksitosin kuwa, duba kwalinsa, yawanci tsakanin digiri 2 zuwa 8 aka ce a ajiye. Wanda ya yi watanni a kabad ɗin Kaltungo yana iya zama ya rage ƙarfi alhali kwalbar tana nan kyakkyawa. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka amince a ajiye shi a firjin allurar rigakafi, da sharaɗin a ware shi a yi masa alama ƙarara don kada a rikita shi da rigakafi ko ruwan haɗa ta. In kuna da firjin sola, ki yi magana da jami'in da ke kula da shi a ƙaramar hukuma, kada ki saka da kanki a ɓoye. Kuma kada misoforostol, ƙwayar tsuke mahaifa, ya yanke miki, a bar shi cikin takardarsa ta gwangwani har lokacin amfani, danshi ne maƙiyinsa.

Shawara ta ƙarshe, kada ki riƙa karatun nan ke kaɗai. Ranar da kuke haɗa lissafin ƙarshen wata, ku ware rabin awa, tambaya ɗaya tak wadda ta taso daga aikinku. Mutum ɗaya ya nemo abin da littafin ƙa'ida ya ce, ɗaya ya sauke jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ko taƙaitawar Cochrane, ƙungiyar da ke tattara sakamakon binciken lafiya, ranar da ya shiga gari, kyauta ne, ɗaya ya ƙirgo rajista. Wanda ya karanta ya bayyana da Hausa ko Tangale, in ya kasa to bai gane ba tukuna. Kuma kada ku raina kanku. A nan Gombe aka fara gwada barin CHEW su riƙa yin allurar tazarar haihuwa a cikin ƙauyuka, aka rubuta abin da aka gani, daga baya a 2012 majalisar lafiya ta ƙasa ta amince a yi haka a ko'ina.

TAMBAYA TA UKU

Hajiya, ina gaisuwa. Ni jami'in lafiya ne a wajen Bajoga. Da muna makaranta sifirit aka koya mana a goge cibiyar jariri da shi. Daga baya aka ce a daina, a shafa man kuloheksidin. Yanzu kuma wani ya turo a zaurenmu na WhatsApp cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a bar cibiya ta bushe kawai. In masu hujjar kullum sai sun canza magana, me zan gaya wa ungozomomin gargajiya da na sha wahala kafin su karɓi man?

AMSA

Malam, wanda ya turo bai yi ƙarya ba, amma ya yanke maganar a tsakiya. Ga yadda abin ya tafi. Bincike a ƙauyukan Nefal a 2006, sannan Bangaladash da Fakistan a 2012, ya nuna shafa kuloheksidin yana rage ruɓewar cibiya da mutuwar jarirai. Wuraren nan a gida ake haihuwa, kuma ana shafa wa cibiya abubuwa. A 2013 hukumar ta ce a yi amfani da shi ga haihuwar gida a inda jarirai 30 ko fiye cikin 1,000 suke mutuwa a watan farko. Sakkwato da maƙwabciyarmu Bauchi suna cikin jihohin da suka fara raba shi a Najeriya. Sai a 2016 aka buga wasu manyan bincike biyu daga Zambiya da Tanzaniya, inda aka fi haihuwa a asibiti kuma mutuwar jarirai ba ta kai ta can ba, ba a ga ya rage mutuwa ba. Shi ya sa a 2022 hukumar ta ce a bar cibiya a tsabtace a bushe, a shafa maganin a inda ake jin za a sa mata abubuwa masu cutarwa.

To ka tambayi kanka ina ƙauyukan Bajoga suka faɗa. Ka fi ni sanin tsumman da ake ɗumamawa a gasa cibiya da shi, da man goge baki, da toka, da man shanu, da kashin shanu a wasu rugage. Ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta sa mutuwar jarirai a watan farko a 39 cikin 1,000. Mu ne waɗanda sharaɗin yake nufi. Tsarin Najeriya man kuloheksidin ne, kuma kai da tsarin ƙasa da na jiha kake aiki har ranar da takarda ta zo ta hanyar ofis, ba ta zauren WhatsApp ba. Ungozomominka su ci gaba. Hannun kaka ba ya iya barin cibiya haka nan, gara ka ba ta abin shafawa mai amfani. Ka dai nanata musu cewa na cibiya ne kaɗai. An samu jarirai a ƙasashen Afirka da suka makance saboda an sa musu shi a ido bisa kuskure, har hukumar ta fitar da gargaɗi a 2019.

Canjin magana bai dame ni ba in an faɗi dalili da wurin da aka yi binciken. Saƙon da ya kamata ka ji tsoro shi ne wanda ba shi da shekara, ba shi da sunan hukuma, sai mutum da farar riga yana rantsuwa, a ƙarshe kuma lambar waya ta sayen magani.

TAMBAYA TA HUƊU

Sista, ni manomi ne a Kumo, ba ma'aikacin lafiya ba. Ɗana ɗan shekara biyu ya yi gudawa, muka kai shi asibitin unguwa. Na ce a yi masa ƙarin ruwa da Flagyl, kuɗina a hannu. Yarinyar da ke wurin ta ƙi, ta zaunar da uwarsa awa huɗu da kofi da cokali tana ba shi ruwan gishiri da sukari, ta ba mu wasu ƙwayoyi na kwana goma. Yaro ya warke, amma ni na ga raini ne ko ƙyuya.

AMSA

Alhaji, Allah ya ƙara masa lafiya. Mai ƙyuya ai ƙarin ruwan za ta maƙala ta karɓi kuɗinka ta koma ta zauna. Zaman awa huɗu ana ɗura wa yaro cokali-cokali ya fi wahala, kuma shi ne abin da ƙa'ida ta ce a yi wa yaron da ruwan jikinsa ya ragu amma yana iya sha. Ƙarin ruwa ta jijiya na wanda ya galabaita ne, ido ya faɗa, ya kasa sha. Kuma ba abinci ba ne, ba ya ƙara ƙarfi kamar yadda ake ɗauka. A 2011 an buga wani bincike daga Yuganda da Kenya da Tanzaniya a kan yara sama da 3,000 masu zazzaɓi mai tsanani, aka ga waɗanda aka ɗura wa ruwa da sauri sun fi mutuwa, abin da likitocin da kansu ba su zata ba. Ba masu gudawa ba ne waɗancan yaran, na kawo shi ne ka ga ruwan ma magani ne mai iyaka.

Flagyl ba ya maganin gudawar ruwa da yara suka fi yi. Ƙwayoyin da ta ba ku zinki ne, wanda tun 2004 aka haɗa shi da ORS, wato ruwan gishiri da sukarin nan, domin yana gajarta gudawar kuma yana rage dawowarta a watannin da ke biye. A tabbata ya shanye na kwana goman ko da ya warke a rana ta uku. In wani karon ka ga jini a bayan gidansa, ko yana amayar da duk abin da aka ba shi, ko ya ƙi sha sam, ku koma wurinta nan take, a ranar ita da kanta za ta sa masa ruwan ko ta rubuta muku takardar babban asibiti.